Ƙarar Da Na Rufe Wa Gilashi

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ku yi mini afuwa, ba zan ambaci sunana ba, ko na kowa a cikin wannan labari. Lokacin da abin ya faru ni malamar firamare ce a wata makarantar kuɗi da ke Fagge, muna zaune a Rijiyar Lemo ni da maigidana da 'yarmu ƙarama wadda ba ta isa shiga aji ɗaya ba, ga kuma ciki na biyu ina ɗauke da shi. Maigidana ɗan kasuwa ne, shagonsu ɗaya da wansa a kasuwar Singa, suna sarin kayan masarufi. Kakanninsa daga Borno suka zo, amma shi a Fagge aka binne cibiyarsa. Mutum ne mai sauƙin kai, ba ya shan komai, ba ya yawon banza, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Abu ɗaya ne idan aka taɓo shi ba ya ji ba ya gani, wato mota. Ni kuwa a wancan lokacin mace ce mai gudun rigima. Idan na faɗi magana sau ɗaya aka ƙi ji, sai in haɗiye in ci gaba da harkata, ina ganin hakan shi ne zaman lafiya.

Da Allah ya hore masa ya sayi mota, kusan ni na fi shi morarta. Shi da safe yake tafiya kasuwa inda babu wurin ajiye mota, don haka ni nake kai yarinya makarantar reno in wuce aiki, da yamma in biya in ɗauke shi. Lafiya lau motar take, shiru kamar ba a kunna ta ba. Sai ya haɗu da wasu samari masu wasan mota, waɗanda suke haɗuwa ranar Lahadi suna gwada ta wa ta fi gudu, ta wa ta fi ƙugi. Ya fara da canza tayoyi zuwa masu faɗi, aka sa manyan lasifikoki a but ɗin bayan motar. Wata rana ya tafi da ita Sabon Gari tun safe, da ya dawo tun daga bakin layi na ji wani ruri kamar na babbar mota, yara suna bin ta a guje. Ya fito yana murmushi, ya ce mini an yanke tsohuwar salansar, wato bututun hayaƙi, an cire tukunyarta mai rage ƙara, an yi waldar wani babban bututu, yanzu injin zai riƙa numfashi sosai. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, shi ya sa ban ce komai ba sai Allah ya sanya alheri.

Washegari da na tuƙa ta na san wani abu ya canza, ba ƙugin kaɗai ba. Idan na tsaya a danja sai in ji kujerata tana kakkarwa, madubin ciki yana rawa har ba na iya ganin na bayana da kyau. Da na taka totur sai jijjigar ta hau ƙafata ta zo sitiyari. Bayan wasu makonni kuma sai wata ƙaramar ƙara ta ƙaru a ƙarƙashin ƙugin, wani cak-cak-cak mai haɗe da huci, kamar ana hura iska ta tsagin ƙofa. Da sassafe ta fi fitowa, idan injin ya yi zafi sai ta ɗan lafa. Na gaya masa. Ya ce ai ƙarfi ne ya ƙaru, duk motar da aka yi wa wannan aikin haka take yi, da sannu zan saba. Da na sake yi masa magana, don ya faranta mini, sai ya kai ta gareji.

Daga nan muka shiga zagayen bakanikai. Na farko ya ce fulogogi ne, aka canza. Na biyu ya ce sababbin tayoyin ne ba a daidaita su ba, aka kai aka daidaita. Wani ya ce robobin da ke riƙe da inji ne suka mutu, aka sa sababbi, jijjigar ta ɗan ragu kwana biyu ta dawo. Ba zan ɗora musu laifi duka ba, domin duk wanda ya buɗe gaban motar ya kasa kunne, ƙugin salansar nan ne yake cika masa kai, ƙaramar ƙarar ba ta fitowa. Kuma maigidana duk inda ya je, farkon abin da yake faɗa shi ne salansa sabuwa ce, kada a taɓa ta, a duba wani wuri. Su kuma sai su duba wani wurin. Akwai ranar da na bi shi, na yi ƙoƙarin kwaikwayon ƙarar da bakina don mai gyaran ya gane, duk garejin aka kwashe da dariya. Mai gyaran ya ce Hajiya ta kwantar da hankalinta, motar maza ce yanzu. Kunya ta kama ni, ban sake bin sa ba.

A cikin wannan tsakanin ne na fara ciwon kai. Kullum na isa makaranta sai in ji kaina ya yi nauyi, zuciyata tana tashi, sai na zauna a ofis na ɗan wani lokaci kafin in iya shiga aji. Kowa ya ce laulayi ne, ni ma na yarda, duk da cikin ya wuce watannin laulayi. Yarinyata kuma, wadda da ba ta rufe baki a mota, sai ta koma da zarar mun hau titi ta kwanta a kujerar baya ta yi barci, in mun isa sai na tashe ta da ƙyar, tana kuka tana cewa kanta. Mun je asibiti, aka ba mu maganin zazzaɓin cizon sauro, aka sake ba mu na taifot. Surukata, wadda muke kira Inna, ta ce baki ne ya kama mu saboda motar ta cika jan ido, ta kawo rubutu da turare. Babu wanda ya lura, har ni, cewa ranar Asabar da Lahadi da ba ma shiga motar garau muke tashi. Wani lokaci nakan ji ɗan warin hayaƙi, sai in ce hancin mai ciki ne, in fesa turare. Shi kuwa maigidana ko sau ɗaya bai yi ciwon kai ba, saboda idan shi ke tuƙi duk gilasan a sauke suke, yana son ya ji muryar injinsa. Ni ce nake ɗage su duka in kunna esi mai sanyaya mota, don ƙugin yana hawa mini kai, kuma ina jin kunyar yadda mutane suke juyowa suna kallon mace da hijabi a cikin mota mai wannan ruri.

Sau ɗaya na yi masa magana da ƙarfi, na ce a mayar da motar yadda take ko in koma hawa a-daidaita-sahu. Ransa ya ɓaci, ya ce duk abin da yake yi a duniya don mu yake yi, abu ɗaya tak da yake jin daɗinsa shi ne na sa wa ido. Maganar ta soke ni, domin akwai gaskiya a cikinta. Na ba shi haƙuri. Daga ranar ban ƙara ambaton ƙarar ba, ko da na ji ta ƙaru, ko da na ji hucin ya koma kamar a ƙarƙashin ƙafata yake.

Ranar da abin ya faru ana tsananin zafin bazara. Na tashi daga makaranta da azahar na biya Singa, saboda ya ce in zo in karɓi kayan abincin da zan kai wa Inna. Wanda ya san wurin ya san yadda yake da rana tsaka, manyan motoci suna sauke kaya, 'yan dako suna kai da komo, ba ka da inda za ka motsa. Na samu wani lungu tsakanin wata tirela da bango na raɓa, na kira shi a waya, ya ce in ɗan jira yana sallamar wani baƙo. Na bar injin a kunne saboda esi, gilasai a rufe. Yarinya tana baya ta riga ta yi barci. Na tuna ina duba littattafan ɗalibaina, sai na ga rubutun yana rarrabuwa. Na tuna na yi niyyar juyawa in taɓa yarinyar, hannuna ya ƙi ɗaguwa, kamar ba nawa ba. Ban ji tsoro ba, barci ne kawai mai daɗi yake jana. Daga nan ban san komai ba.

Daga baya aka ba ni labari cewa direban tirelar ne ya so fita, ya yi ta danna ham ban motsa ba, ya sauko ya leƙa ya gan ni kaina a kan sitiyari. 'Yan dako suka fasa gilashin baya da dutse suka fito da mu. Lokacin da maigidana ya iso ya tarar da mu a kwance a kan kwali a bakin wani shago ana yayyafa mana ruwa. Wansa ya ce mini bai taɓa jin namiji ya yi irin ihun da ya yi ba. A asibiti na farfaɗo da robar iska a hancina. Abin da na fara tambaya shi ne yarinyata, aka ce ta farka tana gadon kusa da ni. Sai na sa hannu a cikina ina jiran motsin da na saba ji, ban ji ba. Na gaya wa ma'aikaciyar jinya, ta kawo na'ura ta yi ta nema, ta fita ta kira likita. Likitar ma ta duba, sannan ta ce mini zuciyar ɗan ta tsaya. Namiji ne. Na haife shi ba rai, maigidana da wansa suka kai shi makwancinsa, ni ko fuskarsa ban iya kallo ba.

Likitar ce ta fara tambayar ko injin yana kunne lokacin da muka suma, da ko mun saba ciwon kai a motar. Da na ba ta labarin watannin da suka wuce, sai ta ce a cikin hayaƙin mota akwai wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, kuma ɗan da ke ciki ya fi uwarsa jin jiki. Ta ce rai na Allah ne, amma a je a duba motar nan kafin wani ya sake shigarta. Maigidana da kansa ya kai ta wurin wani bakanike Bayarabe, haifaffen Sabon Gari, wannan karon bai hana a taɓa komai ba. Aka hau da ita kan ramin da ake duba ƙasan mota, mutumin ya sa aka kunna, ya toshe bakin salansar da tsumma. Nan take hayaƙi ya yi ta fita ta ƙarƙashin kujerar direba. Ashe lokacin da aka yi waldar sabon bututun, an cire wata gaɓa mai lanƙwasa da ke shanye motsin inji, an kuma manne bututun da jikin motar da ƙarfe maimakon roba. Shi ya sa duk motsin injin yake bin jikin motar, jijjigar da nake ji ke nan. Ita ce kuma ta yi ta girgiza waldar har ta tsage, ƙaramar ƙarar nan ke nan. Dab da tsagewar akwai hujin da aka yi a ƙasan motar don wuce wayoyin lasifika, ba a toshe shi ba. Maigidana ya ce mini da ya ga hayaƙin yana shiga ta hujin, zama ya yi a cikin ramin, sai da aka kamo shi aka fito da shi.

Motar ba ta sake kwana a gidanmu ba. Ya sa aka gyara ta yadda take tun asali, aka toshe hujin, sannan ya rabu da ita, kuma ya gaya wa mai sayen duk abin da ya faru. Ya nemi gafarata yana kuka, na ce na yafe, kuma har ga Allah na yafe. Amma mun daɗe ba ma iya haɗa ido idan mota mai ƙugi ta wuce ta layinmu. Ya rame, ya daina hira, har Inna ta koma ba ni take lallashi ba, shi take lallashi. Yarinyarmu ta warke alhamdu lillahi, tana karatunta, sai dai har yanzu takan tambaye ni ina ƙaninta da aka ce za a kawo mata. Allah bai sake ba mu haihuwa ba tukuna.

Na san abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa, ban kuma rubuto don in tona wa mijina asiri ba, da saninsa na rubuto. Abin da yake ci mini rai shi ne na ji ƙarar, jikina ya gaya mini, na 'yata ma ya gaya mini, amma dariyar mutanen gareji da gudun ɓacin ran miji suka sa na yi shiru. 'Yan'uwana maza masu sha'awar gyaran mota, idan kun canza wani abu sai wata ƙara ko jijjiga ta biyo baya, ku fara zargin abin da kuka canza, ku sa a duba ƙarƙashin motar, kada ku ce ƙarfi ne ya ƙaru. Kowa kuma ya guji zama a mota a tsaye da inji a kunne da gilasai a rufe, balle da yara. Ku kuma 'yan'uwana mata, idan kun ji abin da bai kwanta muku ba ku faɗa, ku sake faɗa, ko za a yi muku dariya. Da na daure wa dariyar yini ɗaya, wataƙila da yanzu ina goye da ɗana. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa mu a addu'a.