Zabibin da ke Wuyan Dije

Shekarar da gero ya ƙone a ƙauyenmu, kusa da Dogarawa, kakata ta wajen uwa ta dawo gidanmu da zama. Bayan magariba takan hura wutar kara, mu kewaye ta da cikinmu wayam. Tatsuniya ce tuwonmu.

Ƙanwata Dije tana kwance a cinyarta, ta rame, leɓenta fari. A wuyanta akwai laya. Zabibi ne a ciki, busasshen inabi, cikin tafi ɗaya da wani alhaji ya ba Baba tsarabar Makka. Baba ya sa aka ɗinke shi a fata, wai abin Makka ba gyaɗa ba ne da za a watsa baki.

Kaka ba ta iya ce masa komai. Surukinta ne, ko ido ba su haɗawa. Sai wata maraice ta ɗaga murya, ta fuskanci zanar da Baba ke zaune a bayanta.

"Ga ta nan, mai kunne ya tsinta. Wani tsuntsu ya ba wani mutum nonon inabi, ya ce duk marar lafiyar da ya ci zai tashi. Mutumin ya rufe shi cikin tukunya. Ɗiyatai ta kwanta, ya ce ba yau ba. Matatai ta kwanta, ya ce ba yau ba. Ran da gida ya zama kango ya buɗe, sai ƙura."

Na ce, "Kaka, wanga mutum wawa ne!"

"Rufe baki, mai kan kwarya. Ba ke nika ba labari ba."

Baba ya yi gyaran murya, ya tafi masallaci. Kafin damina aka rufe Dije, da layarta a wuya.

Bayan shekaru, a lakwal, makarantar boko a Tawa, malaminmu ya ce inabi ko ya bushe yana da zaƙin da ke ba jiki ƙarfi, yana taimakon jini, baƙin ɓawon nan kuma yana ɗauke da abubuwan da ke kare jiki. Ƴan aji suna rubutawa. Ni na kasa.

Kada wanda ya ce mini cikin tafi ɗaya da ya tashe ta. Na sani, yunwa ta fi ƙarfinsa. Amma yarinya ce mai son zaƙi, ta tafi da ɗacin ganyen tafasa a baki, zaƙi na rataye a ƙirjinta. Kaka ta san gaskiya, kunya ta sa ta aika ta ta bayan zana. Ana cewa ba ni da kunya. Haka ne. Na ga abin da kunya ta ci.