Ƙarshen Labari A Aljihun Godfrey

Duk wanda ya saba shiga tashar Jabi ya san Godfrey mai faci, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren mutumin nan mai faɗin ƙirji da ke zama kusa da ƙofar fita, da injin iskarsa mai tari kamar tsohon mashayin taba, da rabin duro cike da baƙin ruwa. Ɗan Jiwa ne, Gbagyi gaba da baya. Da doya ya buɗe ido, amma gari ya yi ta matsowa yana cin gonar ubansa har abin da ya rage bai isa a raba wa 'ya'ya ba. Sai ya ajiye fartanya, ya tafi Jabi ya koyi faci a hannun wani Bayarabe. A nan ya ga Helen tana gasa doya a bakin titi, ya yi ta sayen doyar da ba ya jin yunwarta har aka ɗaura musu aure a coci.

Mutum ne mai son abu ya ƙare. Taya ta zo a sace, ya tsoma ta a ruwa, kumfa ta tona asirin ƙusa, ya zare, ya liƙe, ya ba ta iska, direba ya kama hanya. Shi ke nan. Bai taɓa barin taya ta kwana a buɗe ba, kuma haka yake son komai na duniya, har da kallo. Shirinsa ɗaya ne a talabijin, na wasu 'yan sandan ciki na ƙasar waje: a fara da gawa, a rufe da ankwa, kafin tuwo ya huce an san wanda ya yi kisan. Mako mai zuwa kuma sabuwar gawa, ba ruwanka da ta baya.

Shekara da shekaru shi da Helen suna kallon wannan shiri a kan doguwar kujerar falonsu. Tun ba a yi nisa ba zai nuna allo da cokali ya ce, "Mai jar rigan nan ne." Sau da yawa kuwa shi ɗin ne. Helen ta buga cinyarsa ta ce, "Baban Rita, kai fa aiki ya ɓace maka. Ɗan sanda ya kamata ka zama." Ranar har barci da murmushi yake yi. 'Yarsu Rita ta yi aure a Karshi, ƙanenta ya tafi neman abin kansa, gida ya rage su biyu da talabijin, kuma a ganin Godfrey babu abin da ya ragu.

Sai idon Helen ya fara. Da farko gefe-gefe ne ya dushe, ta riƙa ture kofi ba ta sani ba. Asibiti suka ce hawan jinin ido ne, an zo a makare. Aka yi ta ɗiga magani, ganin yana ja da baya a hankali, har ta daina gasa doya, har fuskar mutum ta koma mata inuwa. Godfrey bai yi ƙasa a gwiwa ba, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Shi ne ɗebo ruwa, shi ne kai ta coci, kuma da yamma shi ne idonta a gaban talabijin. Sai dai irin bayaninsa ke nan: "Ya shiga ɗaki. Ya ga wuƙa. Ya fito. Sun kama shi." Helen ta ce to. Shi kuwa yana jin ba a taɓa yin miji irinsa ba.

Ana haka taransifomar unguwarsu ta ƙone, aka shiga wata da watanni babu wuta. A bakin layinsu akwai kantin Malam Muktar, wani Bazazzage siriri mai furfura a gemu, yana sayar da sukari da garin kwaki da sabulu. Yana da sola, yana da talabijin a saman firji. Duk yammacin Alhamis sai ya fito da benci biyu, mutanen layi su taru kallon wani fim mai dogon zango. Labarin wata mata ce, Rumasa'u, wadda mijinta Mato ya yi tafiya bai dawo ba. Kowa ya ce ya mutu, ita ta ƙi yarda, don lokaci-lokaci saƙo yana shigowa wayarta da irin kalmomin da shi kaɗai yake gaya mata. Jessica maƙwabciyarsu ce ta fara riƙo hannun Helen ta kai ta, wai ta sha iska.

Ranar Helen ta dawo da baki cike da magana. Tana cin abinci tana cewa, "Baban Rita, wannan Rumasa'u ya sha wahala fa. Ka san ko takaba bai yarda ya yi ba?"

"To mijin yana da rai ko ya mutu?"

"Ba a sani ba tukuna."

"Yaushe za a sani?"

"Sai an ci gaba."

Godfrey ya yi tsaki. Shi a duniya babu abin da ya raina kamar labarin da za a ja maka rai a ce ka dawo mako mai zuwa. Ko a tasha ya sha yin wannan musu da direbobi. "Wannan ba fim ba ne, wayo ne," in ji shi. "Kamar ni ne in cire maka ƙusa, in ƙi liƙewa, in ce ka dawo Alhamis. Za ka yarda?" Direbobi su yi dariya su ce Oga Godfrey bai san daɗi ba, jiran ai shi ne gishirin. Ya ce su riƙe gishirinsu.

Amma ba fim ɗin ne ya fara cin ransa ba. Wani suna ne da ya riƙa shigowa gidansa ba sallama. Malam Muktar ya ce kaza. Malam Muktar ya ce ranar idon Rumasa'u ya yi ja amma ba ta bari hawaye ya zubo ba. Malam Muktar ya ce a lura da wan mijin nan, murmushinsa ba ya kai wa ido. Tun daga Talata Helen take fara tambaya, "Yau wace rana?" Ranar Alhamis kuwa tun la'asar ta yi wanka, ta lalubo ɗankwalinta mai kyau, ta zauna a bakin ƙofa tana sauraren takun Jessica. Rabon da ta ɗaura wannan ɗankwali don zama kusa da shi, Godfrey ya manta.

Wata Alhamis ya rufe aiki da wuri ya bi su, wai ya zo sayen ashana. Ya tarar an ba Helen kujerar roba a dab da teburin kanti. Malam Muktar yana auna wa wata mata gari, idonsa ɗaya a kan mudu ɗaya a kan allo, yana magana ƙasa-ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji sosai.

"Maman Rita, ta zo bakin ƙofa. Hannunta na kan mariƙi, ba ta buɗe ba, ba ta kuma saki ba. Ta ɗago kai kamar za ta kira sunansa, sai ta haɗiye."

Helen ta dafe ƙirji. Fuskarta ta yi wani haske da Godfrey ya daɗe bai gani ba, kuma ba shi ya kunna shi ba. Kishi ya taso masa, mai ɗaci, irin wanda ba a iya tofarwa a gaban mutane. Ya kutsa ya zauna a gefenta, ya gyara murya. Da aka sake nuno matar, ya riga Malam Muktar.

"Tana tsaye," ya ce.

Kowa ya kasa kunne yana jiran saura.

"Har yanzu tana tsaye."

Benci biyu suka kwashe da dariya. Helen ta lalubo gwiwarsa ta ɗan bubbuga, irin yadda ake lallashin wanda ya yi ƙoƙari. "Baban Rita, ka bari Malam ya faɗa."

Da mari ta yi masa da ya fi sauƙi. Ya zauna har aka tashi, bai fahimci komai ba sai muryar mutumin nan mai laushi tana shiga kunnen matarsa. Abin haushin, babu inda zai kama. Malam Muktar bai taɓa wuce gona da iri ba, matarsa ma tana nan cikin masu kallo, kuma kullum shi yake fara gaishe shi, "Oga Godfrey, ya aiki?" Da ɗan iska ne da an yi ta ta ƙare. Mutumin kirki kuwa yaya za ka yi da shi? Godfrey ya daina sayen ko ashana a kantin, ya gwammace ya taka har bakin kasuwa. Aka gyara taransifoma, wuta ta dawo, ya goge talabijin ɗinsu ya kunna 'yan sandansa da ƙarfi. Alhamis na yi Helen ta ɗaura ɗankwali.

A cikin tasha akwai Surajo, mai rumfar cajin waya da tura finafinai. Godfrey yana zaune a wurinsa wata rana yana zagin masu dogon zango, sai Surajo ya ce, "Wai na Rumasa'u? Ai wannan ya daɗe da ƙarewa a intanet, Oga. Talabijin ce take baya. Ina da shi har sizin na ƙarshe."

Godfrey ya ji kamar kumfa ta taso a cikin duro. Ga ƙusar. In dai jiran ƙarshe ne yake kai Helen kantin nan, to shi zai kawo mata ƙarshen har gida, da hannunsa, abin da Malam Muktar da duk zaƙin bakinsa bai iya ba ta ba. Ya miƙa wayarsa, Surajo ya tura masa. Bai ma tsaya kallon tsakiya ba, ya sa babban yatsa ya yi ta ja har ya kai wurin da ake tone-tone. Ya kalli wannan, ya kaɗa kai. Dama ya zargi wan mijin nan.

Ranar Alhamis ce. Ya iso gida da sauran rana, yana tafe yana taɓa aljihu. Helen na bakin ƙofa cikin shirinta.

"Maman Rita, yau ba sai kin wahala ba. Na kawo miki tsaraba." Ya durƙusa a gabanta, yana murna. "Mato ya mutu tun farko. Tun ranar da ya yi tafiyan. Wansa ne yake turo mesej ɗin, don kar a raba gado. Sun kama shi a ƙarshe."

Ya jira ta buga cinyarsa.

Helen ba ta motsa ba. Idanunta da ba sa ganinsa suna kan fuskarsa. Can ta ce, "Ya mutu."

"Tun farko. Duk jiran banza ne."

"To," ta ce. "Na gode."

Ta kai hannu ta kwance ɗankwalin, ta ninke shi a kan cinya. Da Jessica ta zo, ta ce mata kanta ke ciwo.

Ba ta sake zuwa kantin ba. Godfrey ya samu abin da yake so: matarsa a gefensa a kan doguwar kujera, Alhamis da sauran ranaku. Yana cewa ya shiga, ya fito, sun kama shi, tana cewa to. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta yi gaba da shi ba. Sai dai ta rage magana, ta rage cin abinci, wani lokaci ya dawo ya tarar da ita inda ya bar ta da safe. Ya gaya wa kansa ciwon idon ne.

Wata safiyar Lahadi suna dawowa daga coci, Helen ta shige ciki, Malam Muktar ya tare shi a bakin layi. Bayan gaisuwa ya ce, "Oga Godfrey, Maman Rita lafiya kuwa? Kujerarta na nan, ba wanda yake zama."

Godfrey ya ɗaga kafaɗa. Ya daɗe yana jiran wannan rana. "Ta riga ta san ƙarshen. Ni na gaya mata. Mato ya mutu, in kai ma ba ka sani ba."

"Na sani," in ji Malam Muktar. "Tun bara na kalle shi duka a waya, lokacin da na yi jinyar ƙafa."

"Ka sani? Kuma kake zama kana cewa ta riƙe ƙofa, ta saki ƙofa?"

"Ai ta taɓa tambayata ko na san ƙarshen. Na ce na sani. Ta ce in don Allah ne kar in gaya mata, ita da safe in ta farka duhu ne, da rana duhu ne, jiran labarin nan ne kaɗai abin da take da shi a gaba." Ya gyara hularsa. "A gaishe ta. Allah ya ƙara sauƙi."

Godfrey ya tsaya a tsakiyar layi da Littafi Mai Tsarki a hammata. Kunya ta kama shi, amma ko a cikin kunyar kishin bai sake shi ba, sai ma ya ƙara zafi. Wannan maganar, ta duhu da safe da duhu da rana, Helen ba ta taɓa gaya masa ba. Mai kanti ta gaya wa.

Washegari ya je wurin Surajo ya ce a tura masa wani mai dogon zango, wanda ya fi kowanne tsawo, wanda ba a ma gama ɗauka ba. Ya yini yana kallon kashi na farko tsakanin taya da taya, yana maimaitawa, yana motsa baki, yana neman yadda ake faɗin fuskar mutum. Wani direba ya yi ta danna masa oda bai ji ba.

Da yamma ya zauna kusa da ita, ya share allon wayar da gefen rigarsa.

"Maman Rita, na samo sabo. Dogo ne sosai. Ni zan riƙa gaya miki, kaɗan-kaɗan, duk abin da suke yi. Har yadda suke kallo."

Helen ta juyo da kai wajen muryarsa. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Baban Rita," ta ce, "fara gaya mini ƙarshen, mu huta."