Ranar da Aka Sa wa Gwaggo Sakata

A gyara zama, jama'a, mai tari ya haɗiye abinsa. Yau zan gabatar muku da shugabar masu guga ta layinmu da kewaye, sarauniyar sitaci, wadda ko wandon da ya shekara a ƙudundune in ya ji takunta sai ya miƙe da kansa: Gwaggona, yayar mahaifina. Ni mai aski ne, shagona na jikin nata. Bango ɗaya ya raba mu, kuma bangon ba ya riƙe sirri.

Gaban shagonta wanki da guga ne. Daga baya akwai ɗaki mai tabarmi da butar shayi da banɗaki, inda samarin da ƙwaya da allura suka kama ke zuwa su zauna. Ba ta yi musu wa'azi. Dokarta guda ce: ba a kulle ƙofa. Banɗakin ba sakata. In ka shiga sai ka riƙa tari ko waƙa, don a san kana da rai. Ɗanta na fari a banɗaki mai sakata ya tafi. Kafin a ɓalle ƙofar ya yi sanyi. Tun daga nan ta tsani duk wani ƙarfe da ke cewa ƙaras. Maganin da ake fesawa a hanci, mai dawo da numfashin wanda ya zarce ƙima, a bakin taga yake zaune kusa da sabulu. Ko baƙon jiya ya san wurinsa.

To, maganin ne ya tasam ma ƙarewa, asibitin da ke ba ta kuma ya ce nasu ma ya ja baya. Sai Baffa Sakatare, ƙaninta, wanda ya bar ofis amma ofis ya ƙi barinsa, ya binciko wata gidauniya mai ba da tallafi ga irin wannan aiki. Ya cike takardu har yatsunsa suka yi kanta, takardun suka tsallake zagayen farko. Saura wakiliyar gidauniyar ta zo ta ga wurin. In ta sa hannu, an samu magani na shekara. In ba ta sa ba, taga ta koma ta sabulu kaɗai.

Sai dai akwai sharaɗi. Magani a kabad mai kwaɗo, makulli a hannun mutum guda. Banɗaki kuma da sakata, saboda mutuncin masu zuwa.

"Ba a ɗakina ba," in ji Gwaggo.

"Yaya, na yini ɗaya ne fa," Baffa ya ce. "Tana juya baya kafinta zai kwance."

"Mutuwa ta ce maka ranar tana hutu?"

"To ki zauna. In na bakin tagar ya ƙare sai ki fesa musu sitaci."

Wannan ta shige ta. Ta daɗe tana goge hannun riga guda, sannan ta ce, "Yini ɗaya."

Kafinta ya zo ya kafa sakata, aka kwashe maganin daga taga aka kulle a kabad. Wakiliyar ta iso da hantsi, wata siririya mai tabarau, ta cire takalmi tun daga ƙofa. Na leƙo da almakashi a hannu, don ba a taro a layin nan ba ni. Baffa ya nuna mata kabad, ya buɗe kwaɗo, ya rufe, ya sake buɗewa, kamar shi ya ƙera shi. Ya jefa makullin a aljihu, ya ce bari ya samo wa baƙuwa lemo mai sanyi, ya fita.

Ana cikin tambayoyi Mai Faci ya shigo, wani dogon yaro mai gyaran taya a bakin titi, kullum a ɗakin yake yin rana. Ya ga baƙuwa, ya sunkuyar da kai, ya wuce banɗaki.

"Mama, mutum nawa kuke karɓa a mako?" wakiliyar ta tambaya.

"Ba na ƙirga su, 'yata, sai dai in wani bai zo ba in—"

Gwaggo ta tsaya. Ta karkata kai kamar mai sauraren ruwa a bututu.

"Kai, wa ya shiga?"

"Mai Faci," na ce.

"Ban ji tari ba."

Ta riga ni isa ƙofar. Ta tura, ƙofa ta ƙi. Yaron da bai taɓa samun sakata a nan ba ya ga sabuwa fil, ya ja abarsa.

"Mai Faci! Kai, ɗan nan! Yi min magana!"

Shiru, sai wani minshari mai kauri, irin wanda ba na barci ba.

Na sa kafaɗa. Wallahi kafintan nan da ya yi min benci mai rawa, ranar ya tuna shi gwani ne. Na buga, na sake bugawa, wakiliyar ta jefar da jakarta ta haɗa tata kafaɗar da tawa, sannan katakon ya tsage. Yana kwance a gefen bokiti, leɓɓansa sun yi toka-toka. Muka jawo shi kan tabarma.

Hannun Gwaggo ya tafi bakin taga da kansa. Sabulu ya tarar.

"Kira Baffanka!"

Na kira. Wayar ta yi ƙara a kan tebur, ƙarƙashin takardunsa.

Gwaggo ta dubi kwaɗon. Ta fita gaban shago ta dawo da tsohon dutsen gugarta na gawayi, wanda ni da hannu biyu nake ɗagawa. Bugun farko kwaɗon ya yi tsalle ya dawo. Na biyu ya lotsa. Minsharin ya fara nisa da juna, ina ji ina ƙin ji. A na uku ƙofar kabad ɗin ce ta haƙura, ta fito da ƙusoshinta. Ta fizgo maganin ta fesa masa a hanci. Wakiliyar na durƙushe, kansa a tafinta, waya maƙale a kafaɗa tana yi wa motar asibiti kwatance.

Babu abin da ya motsa. Gwaggo na murza masa ƙirji da ƙulli, tana kiransa da sunan da uwarsa ke kiransa. Ta ɓare wani ta fesa a ɗaya hancin.

Sai ya ja iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya buɗe ido, ya zage mu duka. Ban taɓa jin zagi mai daɗinsa ba.

Baffa ya shigo da lemo a leda daidai lokacin da ake fita da yaron. Ya dubi kabad, ya taɓa aljihunsa, ya zauna a ƙasa.

Da ɗakin ya lafa, wakiliyar ta ɗauki biro. "Mama, sharaɗin nan ba ni na kafa ba, ba ni da ikon cire shi. In kin yi alkawarin mayar da kwaɗon da sakatar, yanzu zan sa hannu."

"Yaya," Baffa ya ce a hankali, "ki ce to kawai."

"Na ce to sau ɗaya. Kun ga abin da ya saya min."

"Zan rubuta abin da na gani, in kai wa manyana," wakiliyar ta ce. "Amma ban yi miki alkawari ba."

"Allah ya yi miki albarka. Kafaɗar taki a sa mata ruwan zafi."

Ta tafi, takarda ba sa hannu. Gwaggo ta kwaso ɗan abin da ya rage ta mayar bakin taga. Bai kai sabulun tsawo ba.

Ni kuwa abin ya cika min ciki. Na hau benci na ɗaga almakashi. "Jama'a, ga jarumar da ta kashe kwaɗo da dutsen guga! Wallahi Gwaggo sai na rubuta tarihinki, duniya ta san—"

"Ka gama?" ta ce. "Sauko ka kawo sukundireba, rabin sakatar na jikin ƙofa."