Dokar da Kawu Ya Kafa wa Hannun Auta

Kawuna mai ba da hannu ne a shataletale. Tun ina ƙarami nake ganinsa cikin rana da farar safar hannu, ya ɗaga tafi ɗaya babbar mota ta tsaya cak. Mutumin kirki ne, amma taurin kai, sai dai Allah ya shirya.

Autarsa kurma ce tun haihuwa, tana makarantar kurame. In ba ta ci jarrabawar karatun Turanci ba, ƙawayenta za su wuce aji su bar ta. Sai wani sarkin surutu a shagon aski ya ce wa Kawu wai maganar hannu ce ke toshe wa yara Turanci. Shi ke nan! Ya dawo gida ya kafa doka: in Auta ta buɗe littafi, ta zauna a kan hannuwanta.

Abin haushi, da hannu ya sanar da ita dokar, yana ta wurgi da shi kamar ya ga mai babur ya keta layi.

"Malam, kai da kake wuni kana yi wa motoci magana da hannu?" in ji matarsa.

"Motoci ba su da jarrabawa," ya ce.

Auta ta bi doka, ta zura wa shafi ido har barci ya ɗauke ta. Maki ya zube warwas. Malamarta ta aika a kira Kawu, ya je da kakinsa, ya shirya faɗa.

Malama ba ta ja da shi ba. Ta miƙa wa Auta littafin, ta yi mata alamar ta saki hannu. Kai, jama'a! Yatsu suka tashi. In ta ci karo da kalma mai wuya, sai ta jera haruffanta a yatsu, ta gane ta, ta wuce. Ta kai ƙarshen shafi tana ƙyalƙyala dariya, ta juyo ta yi wa ubanta doguwar magana.

Kawu ya gyara hula. "Malama, me ta ce?"

"Ta ce ta daɗe tana son ba ka labarin nan, amma a gida ba wanda zai fassara maka."

Wallahi da na ji labarin, ya ba ni tausayi. Ya bi 'yarsa da kallo.

Auta ta ci jarrabawarta. Kawu kuwa yanzu duk Asabar yana ajin koya wa iyaye maganar hannu, a kan kujerar yara, gwiwoyi har haɓa, Auta tana lanƙwasa masa yatsu tana harararsa in ya yi kuskure.