Takardar Fam Biyar ta Kawu Iliya

Duk wanda ya san Kawu Iliya, ƙanen mahaifiyata, ya san bai taɓa goge rigarsa ba. Haka yake tafiya ofis a Abuja da riga a yamutse kamar an ƙwato ta daga bakin saniya. Amma kowace Asabar sai ya zuba garwashi a dutsen guga, ya shimfiɗa ƙyalle, ya goge tsofaffin takardun kuɗin da aka daina karɓa tun ba a haife ni ba. Abin alfaharinsa takardar fam biyar ce, wadda ya rantse ita kaɗai ta rage a ƙasar nan.

Da aka fito da 'yar dubu, na kai masa sabuwa fil. Ya riƙe ta da yatsa biyu.

"Mai shayi yana da irinta?"

"Yana da ita, Kawu."

"To, kai masa."

Lokacin da gine-gine ke ta tashi a Abuja, wani dillalin filaye ya ƙyalla ido ya ga fam biyar ɗin, ya ce, "Oga, ba ni wannan pepa, in ba ka fili a Idu, takardu komplit." Kawu ya ce, "Leƙa taga, ko'ina fili ne. Fam biyar guda nawa ka taɓa gani?" Yau masana'anta ce a wurin. Matarsa Inna Hajara har gobe in mota ta bi da ita ta Idu sai ta rufe ido.

Ana nan sai labari ya zo cewa Malam Tanko, wani mai sayar da doya a garin Uke, yana da irin fam biyar ɗin. A ranar, Kawu ko ruwa bai sha ba. Ya je ya taya, Tanko ya ce ko da kan mutum ba zai sayar ba. Tun daga nan kowace Lahadi Kawu yana Uke da goro, su jera takardun a tabarma, kowa yana kushe ta ɗan'uwansa har la'asar. In zai tafi sai ya ce, "Yaya gara a gidan nan? Tana samun abinci kuwa?"

Ai kuwa gara ta ji kira, ta cinye takardar Tanko tas. Kawu ya saya wa duk unguwa tsire. Amma da Lahadi ta zagayo, ya sa hula ya tsaya a bakin ƙofa, ya rasa inda za shi. Wallahi ya ba ni tausayi. Can sai ya ɗauki almakashin Inna ya ce in kai shi Uke.

A gaban Tanko ya raba fam biyar ɗin gida biyu, ya miƙa masa rabi. Na dafe kai.

"Kawu, ka kashe ta."

"Kai ba ka san kasuwa ba. Da guda ɗaya ta rage, yanzu babu ko ɗaya. Wa ke da kuɗin sayenta?"

Tanko ya juya nasa rabin ya ce, "Nawa ya fi naka tsabta." Aka koma gidan jiya.

Da Kawu ya rasu, ranar sadakar uku Tanko ya zo da rabinsa a goge sumul. Ya roƙi Inna ɗayan, ya jera su a tabarma, ya daɗe yana kallo.

"Gaskiya nasa ya fi," in ji shi. "Ban taɓa gaya masa ba ne kawai."

Allah Ya jiƙan Kawu Iliya, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da abokin gardamarsa a gidan Aljanna.