Littattafan Yaya da Na Ƙona

Yayana bai taɓa yi wa kowa allura ba, amma a kan jini ya ƙarar da rayuwarsa. Mutanen Kafin Dafga sun gaji da tambayata aikinsa, ni ma na gaji da kame-kame. Abin da na riƙe shi ne bayanin da ya yi mini wata kaka muna cirar gyaɗa. Ya ce ƙwayar jinin mai lafiya laushi gare ta, tana lanƙwasawa ta wuce ta siririyar jijiya, ta mai amosanin jini kuwa sandarewa take yi kamar lauje ta tare hanya. Shi aikinsa ya auna wannan sandarewar da haske da na'ura, ya gano inda take farawa. Ƙannenmu mata biyu wannan ciwon ya ɗauke, don haka ban tambaye shi dalili ba.

A jami'a ya tsufa. Da jiki ya ƙi, sai ya dawo gida da akwatin katako cike da littattafan da yake rubuta awonsa da hannu. Bai ga damina ba ya rasu. Ranar sadakar uku na ga abin da ban taɓa gani ba: manyan malamai masu furfura zaune a kan tabarmata, kowa na cewa Yaya ne ya koya masa aiki. Wani ya ce har a ƙasashen waje, mai rubutu a kan wannan ciwo sai ya ambaci sunansa. Na ji daɗi, na kuma ji kunya, don ni kallon mai gudun noma na daɗe ina yi masa.

Da ruwa ya sauka, ɗakinsa ya yi yoyo, gara ta shiga akwatin. Wata safiya na tarar awaki sun ture ƙofar, guntayen takardu warwatse a tsakar gida. Na duƙa na ɗauki ɗaya, sai ga bisimilla a jiki. Yaya ba ya fara shafi sai ya rubuta bisimilla a samansa, ko da lissafi ne zalla a ƙasa. Mu kuwa mun tashi mahaifinmu ba ya wuce takarda mai sunan Allah a ƙasa, sai ya ɗauke ya ƙona ya binne tokar. Ban yi shawara da kowa ba, halina ke nan. Na kwashe duka, har da waɗanda gara ba ta taɓa ba, na kai gona na cinna musu wuta. A raina na ce ai mai amfani an riga an buga shi.

Bayan girbi wata ɗalibarsa ta zo, ita ma yanzu farfesa ce. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Baba, akwai littattafan Malam na ƙarshe. Awon da ke ciki bai kai ga bugawa ba. Ya ce in zo wurinka, kai ne ba ka wasa da amana."

Na so in ɗora wa gara laifin duka, kuma da ta yarda. Amma na ce, "Malama, gara ta ci kaɗan. Sauran ni na ƙona." Na gaya mata dalili.

Sai ta ce in kai ta wurin. Muka taka har gindin ɗorawar da na binne tokar, ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, ni ina bayanta na kasa ko amin.

A hanyar dawowa na tambaye ta ko za a iya sake awon. Ta ce za a iya, sai dai zai ci shekaru, kuma yaran da suka ba da jininsu ba duka ke raye ba.

Jikata tana da ciwon. Duk ranar da ya tashi tana kukan ƙafa, ni nake riƙe ta, kuma har yau ban gaya wa uwarta abin da ke gindin ɗorawar nan ba.