Raƙumin Ruwan Babana

A garinmu, kusa da Tsohon Birnin Gwari, idan mutum ya shara ƙarya sai a ce masa, "Kai, wannan ai raƙumin ruwa ne." Babana ake wa ba'a da wannan maganar, kuma har yau da na tsufa ban huce ba.

Baba tsohon soja ne. Turawa sun kwashe su a jirgin ruwa zuwa yaƙin Bama, ya dawo da muƙamin kofur da labarin teku. Bai yarda a riƙa cakuɗa sunayen motsin ruwa ba. Igiyar ruwa, in ji shi, ita ce 'yar wadda iska ke korawa a kan kogi, yara ma suna wanka a cikinta. Taguwar ruwa ta fi ta, ita ce mai jijjiga jirgi har ƙato ya amayar da abin da ya ci. Raƙumin ruwa kuwa miƙewa yake yi tsaye, da tozonsa, ya fi maɗacin bakin kasuwa tsayi, sannan ya faɗo. A nan ake fashewa da dariya. Mutanen da iyakar yawonsu Dogon Dawa da gefen dajin Kamuku, su ne suka yanke hukunci cewa ruwa ba ya tsayuwa. Na sha dambe a kan maganar nan, ban kuma yi nadamar ko ɗaya ba.

'Yan shekaru bayan tafiyar Turawa, ina saurayi ina noma tare da Baba, dariyar ta zama masifa. A wurinmu da tushen gamba ake yin iyakar gona. Da rani aka sa wa daji wuta, gambar ta ƙone ƙurmus, sai maƙwabcinmu na gona ya tuge saiwoyin ya dasa su can cikin fadamarmu, inda muke noman shinkafa. Da ruwa ya sauka suka tsiro shar, kamar a nan aka halicce su. Baba ya gan shi da idonsa yana dasawa, amma shi kaɗai ya gani.

Aka taru a ƙofar mai unguwa da hantsi, ina zaune kusa da Baba. Maƙwabcin bai ma wahalar da kansa da musu ba.

"Ranka ya daɗe, shaidar wa za a karɓa? Ta mutumin da ya ce ruwa ya fi maɗaci tsayi?"

Mai unguwa yana ganin girman Baba, sai ya nemi ya buɗe masa ƙofa. Ya ce, "Kofur, kowa ya je nesa yakan ɗan ƙara gishiri, ba laifi ba ne. Ka ce mana zancen tekun nan hira ce kawai, mu kuma mu kama maganarka ta gona."

Dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Wani ya zunguri Baba a gwiwa, wai ya faɗa kawai a wuce wurin. Ni kuwa zuciyata tafasa take yi. Wato sai ya yi ƙarya sannan za a yarda shi mai gaskiya ne.

Baba ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, tare da ƙanena muka tafi yaƙin nan, duk kun san shi. An ce muku ya mutu a can, ni ma ban taɓa gyara zancen ba. To, bai kai Bama ba. Muna saman jirgi, ina riƙe da rigarsa, ruwan nan ya miƙe ya faɗo mana. Da na buɗe ido, hannun rigar ne kawai a hannuna. Idan ruwa ba ya tsayuwa, sai ku faɗa mani abin da ya ɗauke shi. Ba zan rage ko taƙi ɗaya ba. A ɗauki fadamar."

Ba wanda ya yi dariya. Amma kunya ba ta hana su abin da suka yi niyya ba. Mai unguwa ya sunkuyar da kai ya ce gamba ce shaidar iyaka tun kaka da kakanni, inda ta tsiro nan ne iyaka. Fadamar ta tafi. Na miƙe na ce Allah ya isa, a gaban kowa, aka ce ba ni da ladabi. Na ce na ji, na kuma maimaita.

A hanya na ga Baba yana sauri har yana tuntuɓe. Na zaci baƙin cikin gonar ne, na fara ba shi haƙuri. Sai ya kama hannuna. Kakata, mahaifiyarsa, tana nan da ranta a cikin gida, kullum cikin roƙon Allah ya haskaka makwancin autanta.

Ya ce, "Kai ka fi ni ƙafa. Ruga ka tsaya a bakin zaure, kada ka bar kowa ya shiga sai na iso. Ba na so Inna ta ji a bakin wani cewa ɗanta ba shi da kabari."